Ziyarar Kasuga Taisha: Ɗaukar Ɗan Jagora da Sanin Ƙa'idar Bautar Shinto Kafin a Cire Takalmi

Wanda harka ta kai shi Japan, ko ɗan kasuwa ne da ya je cinikin injuna, ko ɗalibi, ko ma'aikacin da aka tura kwas, da wuya ya dawo masu masaukinsa ba su kai shi wurin bautar addinin Shinto ba, wanda suke kira jinja. A takardar jadawali abin layi ɗaya ne tak: ziyarar wurin tarihi. Sai an isa baƙo zai ga an ce ya cire takalmi, an zaunar da shi a sahun gaba saboda girmamawa, ga wani dattijo cikin tufafin gargajiya yana miƙo masa reshen itace da hannu biyu, kowa ya zuba ido yana jiran ya tashi. A wannan lokacin babu sauran damar tambaya. Duk abin da ya kamata a sani, tun kafin a baro masauki ake saninsa.

Za mu ɗauki Kasuga Taisha da ke birnin Nara a matsayin misali, domin tsoho ne ƙwarai, yana karɓar baƙi daga ko'ina, kuma abin da mutum ya koya a can zai yi masa amfani a mafi yawan wuraren bautar Shinto kusan 80,000 da ke ƙasar.

Wurin da za ka

An kafa Kasuga Taisha a shekarar 768, lokacin da Nara take babban birnin Japan. Wurin bautar gidan Fujiwara ne, zuriyar da ta daɗe tana juya al'amuran fadar sarki. Abubuwan bauta huɗu, waɗanda ake kira kami, su ne a manyan ɗakuna huɗu da ke jere: Takemikazuchi, Futsunushi, Amenokoyane da Himegami. Labarin da mutanen wurin suka gada shi ne Takemikazuchi ya taso daga Kashima a kan farar barewa ya sauka a dutsen Mikasa. Wannan ne asalin alfarmar bareyin Nara, waɗanda yau sun haura dubu suna yawo a sake, kuma gwamnati ta sa su cikin abubuwan da doka ke karewa tun 1957. Dajin da ke bayan ginin an hana farauta da saran itace a cikinsa tun 841. A 1998 hukumar UNESCO ta sa wurin da dajin cikin kayan tarihin duniya tare da sauran tsofaffin gine-ginen Nara. Duk shekara 20 ake sabunta ɗakunan, an kuma kammala zagaye na 60 a 2016, shi ya sa jan fentinsu yake ƙyalli kamar jiya aka shafa.

Daga Kyoto ko unguwar Namba ta Osaka, jirgin ƙasa na Kintetsu zai kai ka Nara cikin kamar minti 40. Daga tasha zuwa wurin, tafiyar ƙafa ta kusan rabin awa ce, akwai kuma bas.

Ziyara iri uku ce

Kafin ka nemi kowa, ka tantance wacce kake so, don kuɗinsu da shirinsu da nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce ta kowa da kowa. Ka shiga harabar, ka kalli gine-gine daga waje, ka fita. Ba a biyan komai, ba a neman izini.

Ta biyu ita ce shiga farfajiyar ciki. A Kasuga ana biyan ɗan kuɗin da bai kai yen 1,000 ba a shiga barandun da fitilu ke rataye, a isa gaban ƙofar tsakiya mai suna Chumon. Sunan tikitin da Japananci yana nufin ziyarar bauta ta musamman, amma babu wanda zai tsaya a kanka ya ce sai ka yi wani abu. Da ƙafarka kake zagayawa.

Ta uku ita ce seishiki sanpai, wato bauta bisa cikakkiyar ƙa'ida. Nan ne ake shigar da mutum zaure, mai hidimar wurin, wanda ake kira kannushi, ya jagoranci tsarkakewa da addu'a da miƙa reshe. Kamfanoni sukan yi ta a farkon shekara ko in za su fara sabon aiki, iyalai kuma in an yi haihuwa ko wani abin farin ciki. Ibada ce sosai a wurin masu ita, ba wasan nuna al'ada ba ne da ake shirya wa 'yan yawon buɗe ido.

Neman ɗan jagora

Baƙo ko da ido makaho ne, balle a wurin da allunan bayani da yawa suke da Japananci kawai. Japan tana da 'yan jagora masu lasisin gwamnati, waɗanda suka ci jarrabawar harshe da tarihi da labarin ƙasa. Harsuna goma ake jarrabawar da su, ciki har da Ingilishi da Faransanci, don haka ɗan Najeriya da ɗan Nijar kowa zai sami wanda za su fahimci juna. Babu Larabci a cikin jerin. Tun Janairun 2018 doka ta ba wanda ba shi da lasisi damar yin jagora ya karɓi kuɗi, sai dai ba zai kira kansa da sunan masu lasisi ba. Akwai kuma ƙungiyoyin sa-kai a Nara, yawanci dattawa da ɗalibai, da ke zagayawa da baƙi kyauta. Don kallo kawai sun wadatar. In kuwa akwai seishiki sanpai a shirin, nemi wanda ya taɓa kai mutane irin wannan zama.

Tambayoyi huɗu za su nuna maka ko ka dace. Ya taɓa shirya bautar ƙa'ida a wannan wurin? Shi zai kira ofishin wurin, wato shamusho, ko kai za ka nemi mai kira? Za a bar shi ya zauna kusa da kai a zaure? Ya taɓa raka Musulmi ko Kirista da ba ya son shiga ibadar? Wanda ya amsa ta ƙarshe da cewa ai babu komai, al'ada ce kawai, bai gane tambayar ba. Nemi wani, ko ka zauna ka yi masa bayani dalla-dalla.

Ana yin ciniki ne a kan rabin yini ko yini guda. Kuɗin mota da na shiga wurare, har da nasa, yawanci a kanka suke, sai ka tambaya tun farko. Ba a ba da tukuici a Japan, kana miƙa wa mutum ƙarin kuɗi sai ka jefa shi cikin kunya. Tsaraba ƙarama ita ce ke faranta musu rai, kamar 'yar jakar fata ta dukawan Kano a naɗe da takarda mai kyau. Kilishi dai kada ka ɗauko shi, dokar shigo da nama a filayen jiragen Japan ba ta da sassauci.

Neman lokaci da cika takarda

Addu'ar mutum ɗaya ko iyali, a manyan wurare akan karɓe ta ranar da aka zo. Ta tawaga kuwa sai an nemi lokaci, kuma gara a yi haka da makonni. Za a tambayi rana da sa'a, yawan mutane, sunan kamfani ko ƙungiya, sunan shugaban tawaga, da buƙatar da ake son a roƙa, kamar albarkar kasuwa, lafiyar iyali ko kariya a hanya.

Ga abin da baƙi da yawa ba su sani ba. Sunan da aka rubuta a takardar, da adireshinsa, kannushi zai karanta su da murya a cikin addu'ar da ake kira norito, yana gabatar da mai sunan ga kami. Shi ya sa ake neman a rubuta yadda ake furta sunan baƙo da baƙaƙen katakana. Wanda ba ya son a ambaci sunansa a wannan addu'a, a nan zai yi magana, tun takarda tana hannun ɗan jagora.

Wata al'ada kuma: wanda aka yi wa rasuwa ta kusa yakan ƙaurace wa jinja har kwana 50. In akwai mai zaman makoki a tawaga, a gaya wa ɗan jagora.

Kuɗin da ake miƙawa

Ba a kiransa kuɗin shiga. Sunansa hatsuhoryo, daga kalmar da ke nufin zangarniyar shinkafa ta farko da manoma suke kai wa kami bayan girbi. Na mutum ɗaya yakan fara daga yen 5,000 zuwa 10,000, na tawaga ya fi haka, ofishin ne zai faɗi mafi ƙaranci. Tsabar kuɗi ake bayarwa, sababbin takardu in da hali, a cikin farin ambulan mai ɗaurin zare ja da fari. Ana sayar da irinsa a shagunan kan hanya da ke buɗe dare da rana. A sama a rubuta hatsuhoryo, a ƙasa sunan mai bayarwa, kuma ɗan jagora zai rubuta maka. A kula wajen saye: mai zare baƙi da fari na ta'aziyya ne. Da hannu biyu ake miƙawa, rubutun yana fuskantar mai karɓa.

Tufafi

Maza kwat mai duhu da laktaye da takalmin fata. Mata shiga mai kamala wadda ta rufe kafaɗa da gwiwa. Banda gajeren wando, silifa da wandon jins. Safa wajibi ce, domin za a cire takalmi kuma ba a taka zauren da ƙafa tsirara. Duba ta da kyau tun a ɗaki, hudar babban yatsa ba ta ɓuya a kan katako mai sheƙi.

Wanda yake son zuwa da babbar riga ko kaftani, ya aika hoton shigar ga ɗan jagora ya nuna wa ofishin tun da wuri. A can maza suna cire hula in za su shiga zaure, saboda haka maganar hula, da ta hijabi ko ɗankwali ga mata, a faɗe ta a saƙon farko. In an ce suturar addini ce ko ta girmamawa a ƙasarku, an ba su abin da za su yi hukunci da shi ke nan cikin natsuwa, maimakon a tsaya ana kallon-kallo a bakin ƙofa.

Daga ƙofar farko zuwa wurin wanke hannu

Ka iso da saura minti 20 aƙalla. A Japan wanda ya zo daidai kan lokaci ma kamar ya makara ne, kuma daga jar ƙofar farko, Ichi no Torii, zuwa ginin akwai tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya a kan tsakuwa. Torii ita ce iyaka tsakanin duniyar yau da kullum da wuri mai alfarma. Masu bauta sukan ɗan rusuna kafin su wuce ta. Ana bin gefen hanya, domin tsakiyar ta kami ce a wurinsu.

Hanyar tana ratsa inuwar manyan itatuwa, dama da hagu fitilun dutse ne da gansakuka ta lulluɓe. Kusan 2,000 ne na dutse, na tagulla masu rataya kuma kusan 1,000, dukkansu kyautar mutane ce ta ɗaruruwan shekaru. Tsakanin fitilun bareyi za su leƙo. Sun saba da biskit ɗin da ake saya musu, wasu har sunkuyar da kai suke yi su roƙa, amma takarda ma ba su barin ta. Taswira, tikiti, ambulan ɗin hatsuhoryo da ya leƙo daga aljihu, duk abinci ne a wurinsu. Sa ambulan a aljihun ciki. In biskit ya ƙare, ɗaga tafukanka biyu a buɗe su gani, sai su watse. A lokacin kaka mazansu sukan yi faɗa, tsakanin Mayu da Yuli kuma uwaye masu jego ba sa son a matso kusa da 'ya'yansu.

Da ka wuce ƙofa ta biyu za ka ga wurin wanke hannu, inda aka yi siffar barewa a kwance, ruwa yana zubowa daga abin da ta riƙe a baki. Ga yadda ake yi, kuma da ɗiba ɗaya tak ake gama komai. Ɗauki moɗar da hannun dama ka ɗebi ruwa, ka zuba wa hagu. Mayar da ita hagu ka zuba wa dama. Sake mayar da ita dama, ka tara ruwa kaɗan a tafin hagu ka kuskure baki, ka zubar a ƙasa gefe, kana kare bakinka da hannu. Sake ɗauraye hagun. Sannan ka miƙar da moɗar tsaye, sauran ruwan ya gangaro ya wanke mariƙin, ka kife ta inda ka ɗauka. Ba a kai moɗa baki, ba a mayar da ruwa cikin kwarmin. Tun bayan annobar korona wasu wurare sun ɗauke moɗa, ruwan yana zuba ne kai tsaye, amma jerin bai canja ba. Ka zo da hankici.

Bahaushe zai ga abin ya yi kama da alwala. Kamannin a ido ne. A wurinsu tsarki ne na tunkarar kami, don haka wanda kallo ya kawo shi zai iya tsayawa gefe ya jira.

Abin da ke faruwa a zaure

Bayan rajista za a zaunar da ku a ɗakin jira, sannan a kira ku. Ku kashe waya. Ba a ɗaukar hoto sai an ba da izini a fili. Wani wurin a kan ƙananan kujeru ake zama, wani wurin a ƙasa, an naɗe ƙafafu a ƙarƙashi kamar zaman tahiya. Mai ciwon gwiwa ya nemi kujera tun farko. Zaman duka bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba, kuma sau da yawa da bugun ganga ake buɗe shi.

Farko tsarkakewa ce, shubatsu. Kannushi zai karanta kalmomin tsarki, sannan ya ɗauki sanda mai tulin fararen takardu ya kaɗa ta a kan mutane, hagu, dama, hagu, kowa ya sunkuyar da kai. Sai norito, da tsohon Japananci wanda 'yan ƙasar ma ba kowa ke gane shi duka ba, da wata irin murya mai ja. Nan ɗan jagora zai yi shiru, fassara sai an fito. Wani lokaci 'yan mata masu hidima, miko, cikin farar riga da jan buje, za su yi rawar kagura da ƙararrawa a hannu. A Kasuga za ka gane su da adon furen fuji a goshi, furen da ke cikin sunan gidan Fujiwara da tambarin wurin.

Daga nan sai miƙa reshe, wanda shi ne zuciyar zaman. Tamagushi reshen itacen sakaki ne mai koren ganye, an ɗaura masa farar takarda mai lanƙwasa. Mai miƙawa zai karɓe shi da hannun dama a kan gindin daga sama, hannun hagu yana tallafe da ganyen daga ƙasa, a daidai ƙirji, ganyen ya ɗan fi gindin tsawo. Ya taka zuwa gaban ɗan teburin katako ya rusuna. Ya juya reshen ta hannun agogo har gindin ya fuskanto shi, ya ɗan tsaya ya yi roƙonsa a zuci. Ya sauya hannu, ya ci gaba da juya shi ta hannun agogo har gindin ya fuskanci ɗakin kami, ya ajiye da hannu biyu. Sannan ya sunkuya sau biyu, sunkuyo mai zurfi har baya ya miƙe, ya tafa sau biyu, ya sake sunkuyawa sau ɗaya. A tawaga mutum ɗaya ne ke fita a madadin kowa, sauran su yi sunkuyo da tafi tare da shi daga inda suke.

A ƙarshe za a zuba wa kowa kurɓin omiki a ɗan faranti. Giyar shinkafa ce da aka gabatar wa kami. Sannan a ba da jaka mai ɗauke da ofuda, wato allon katako ko takarda mai sunan wurin, da laya mai suna omamori, wani lokaci da shinkafa ko alewa ko 'yar kwalbar giya.

Inda ladabi ya tsaya, ibada ta fara

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Maganar tana da iyaka, kuma a nan iyakar a fili take. Zuwa kan lokaci, shiga mai kyau, cire takalmi, yin shiru, bin gefen hanya, ajiye kyamara, gaida kannushi da godiya, duk ladabin baƙo ne. Sa suna a norito, miƙa tamagushi, sunkuyo da tafi a gaban ɗakin kami, jefa kuɗi a akwatin baiko, shan omiki, waɗannan su ne ibadar kanta. Musulmi yana ganin wancan sunkuyo zai tuna ruku'u, Kirista mai kishin addininsa ma zai ji abin a ransa.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne sanin cewa masu masaukinka ba tarko suka ɗana maka ba. Japanawa da yawa suna kai jariri jinja, su ɗaura aure a coci, su yi jana'iza a wurin mabiya Buddha, ba su ganin wani karo a ciki. Shinto ba ta da wa'azin jawo mutane, ba a tambayar mai shiga abin da ya yi imani da shi. In sun zaɓe ka ka miƙa reshe, kujerar babban baƙo suka ba ka. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a ba su mamaki a gaban jama'a. Ƙin karɓar reshe bayan an miƙo shi abin kunya ne ga kowa, amma saƙon da aka aika da sati guda ba ya ɓata wa kowa.

Kalmomi biyu za su yi maka aiki. Kengaku dake, wato kallo kawai. Da kuma shukyo-jo no riyu de, wato saboda dalilin addini. Saƙon bai buƙatar tsawo: kana godiya da gayyata, kana ɗokin ganin wurin, addininka bai ba ka damar shiga ibadar wani addini ko shan giya ba, kana roƙon a ba wani miƙa reshen, a bar ka ka zauna a baya ko ka jira a waje. Sai a naɗa ɗaya daga masu masaukin ya wakilci tawagar. Omiki kuwa ƙin shansa ba baƙon abu ba ne, direbobi da masu ciki ma ba sa sha. Jakar ofuda ka bar wa abokin tafiyarka Bajapane. Kada ka karɓa ka jefa a kwandon shara na otal, domin su kansu in shekara ta zagayo mayar da ita suke yi wurin a ƙone ta da girmamawa. Wanda yake da shakka a kan zama a zauren ma, ya tambayi malaminsa kafin ya bar gida. Ka kuma gaya wa ɗan jagora lokutan sallarka ya tsara zagayen da su.

Abin da za ka ce a nuna maka

Ko ka shiga zaure ko ba ka shiga ba, farfajiyar ciki ta cancanci awa guda. Ka ce a kai ka gaban Chumon, a nuna maka fitilun da manyan mutane suka bayar, har da ta Tokugawa Tsunayoshi, shugaban mulkin soja na biyar na gidan Tokugawa. Ka tsaya a gindin tsohon itacen sugi da ya haura shekara 800. Daga saiwarsa wani itace ya fito a karkace, da ya isa rufin ginin da ke kusa sai magina suka huda masa rufin ya wuce maimakon su sare shi. Wannan rufin zai gaya maka abin da Shinto ta ɗauki itace fiye da dogon bayani. Akwai kuma wani lungu da ake tsayawa a fuskanci dutsen Mikasa daga nesa, domin ba a hawansa.

Sai Fujinami no ya. Ɗaki ne ƙarami, ka ɗaga labule ka shiga cikin duhu. Kafin idonka ya saba, sai ka ga fitilun tagulla a kunne sun kewaye ka, haske yana fitowa ta hudojin zanen furanni da bareyi, madubai a bango suna ninka su har ba ka sanin inda ɗakin ya ƙare. An shirya shi ne don wanda bai sami halartar Mantoro ba, daren da ake kunna fitilu 3,000 gaba ɗaya, a farkon Fabrairu da kuma 14 da 15 ga Agusta.

Ka tambayi ɗan jagora dangantakar wurin da Kofukuji, haikalin Buddha na gidan Fujiwara da ka wuce a hanya. Sun yi ƙarnuka a haɗe, sai a 1868 gwamnatin Meiji ta raba Shinto da addinin Buddha.

Lokacin zuwa, da bambancin wasu wurare

Da sassafe ya fi, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Kwana uku na farkon Janairu cunkoso ne na fitar hankali. Tsakiyar Nuwamba iyaye suna kawo yara 'yan shekara 3 da 5 da 7. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu furen fuji yana buɗewa, amma ya haɗu da dogon hutun ƙasar. Ranar 13 ga Maris ake babban bikin Kasuga, wanda ɗan aiken sarki ke halarta, a tsakiyar Disamba kuma ake On-matsuri, bikin da aka fara tun 1136. A ranakun bukukuwa akan rufe wasu sassa, sai a duba kafin a sa rana.

In tafiyar ta kai ka wurin bautar Ise, a lardin Mie, ka san ƙa'ida ta fi tsanani. Wurare 125 ne a haɗe, ana fara ziyara da wanda ake kira Geku kafin wanda ake kira Naiku, ana bin gefen hagu na hanya a na farko, gefen dama a na biyu. Ba a ɗaukar hoto bayan an hau matakalar dutse ta babban ɗaki, kuma wanda ya nemi shiga cikin shingen ɗakin ba da cikakkiyar shiga ba, mayar da shi ake yi ko daga ina ya zo. A Izumo Taisha, a lardin Shimane, tafi huɗu ake yi maimakon biyu. Matambayi ba ya ɓata: kowane wuri ka tambayi nasa tsarin.

Da an gama, ka gode wa kannushi da ɗan sunkuyar da kai irin na gaisuwa, ka ce arigato gozaimashita. Masu bauta in sun fito ta torii sukan juyo su rusuna sau ɗaya, sai ka dakata musu a gefe su gama. Da daddare ka aika wa ɗan jagora da mai masaukinka saƙon godiya, ka ambaci abu ɗaya da ka gani da idonka, ko rufin da aka huda wa itace, ko ɗakin fitilu. A can ana riƙe irin wannan saƙo, kuma shi ne zai sa in ɗan'uwanka ya zo baɗi a ce masa an san yadda ake karɓar mutanenku.